Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Albashi ta Ƙasa: a fara binciken albashin 2027 tun yanzu

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Albashi da Kuɗaɗen Shiga ta Ƙasa, Abuja.
Kwafi zuwa ga Babban Mai Ƙididdiga na Tarayya, da Ministan Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata gaɓa ta dokar mafi ƙarancin albashi wadda hayaniyar naira 70,000 ta danne. Gyaran da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 29 ga Yulin 2024 bai tsaya ga ƙarin kuɗi ba, ya kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Ke nan a 2027 za a sake zama, ga shi kuma shekarar babban zaɓe ce, lokacin da alkawari ke araha. Roƙona shi ne a fara binciken da za a ɗora wancan zaman a kansa tun yanzu, a tsara shi a bainar jama'a, a kuma kammala shi kafin a ƙaddamar da kowane kwamiti. Ni akawun albashi ne. Na daɗe ina haɗa takardar biyan ma'aikata a kamfanoni masu zaman kansu a Kano, kuma abin da ake hangowa daga wannan kujera shi zan faɗa muku.

Mu tuna yadda aka yi a 2024. Ranar 30 ga Janairu Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da kwamitin mutum 37 na ɓangarori uku, wato gwamnati da 'yan ƙwadago da masu kamfanoni, ƙarƙashin tsohon Shugaban Ma'aikatan Tarayya Bukar Goni Aji. 'Yan ƙwadago suka sa naira 615,000. Gwamnati ta taya 48,000, suka ce albarka, suka fice daga ɗakin taro. Aka hau 54,000, aka hau 57,000, aka kai 60,000. Ranar 3 ga Yuni aka shiga yajin aiki, aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, filayen jiragen sama suka tsaya. Kwamitin ya miƙa rahotonsa da farashi biyu, 62,000 daga gwamnati da masu kamfanoni, 250,000 daga manyan ƙungiyoyin ƙwadago biyu, NLC da TUC. A ƙarshe a fadar shugaban ƙasa aka tsayar da 70,000 ranar 18 ga Yuli. Wannan cinikin kara ne, irin na ranar Juma'a a Wudil, sai dai a kara mai saye yana zagaya sa, ya taɓa tozo, ya duba haƙori kafin ya taya. Mu kuwa an yi wata shida ana taye da sallamawa ba a fito wa jama'a da takarda ɗaya mai nuna ma'aikata nawa ne a Najeriya ke karɓar ƙasa da abin da ake ciniki a kai ba, balle a faɗi inda suke da irin aikin da suke yi.

A yi wa 'yan ƙwadago adalci: sun bayyana yadda suka haɗa lissafinsu, har da naira 270,000 na abinci a wata. Ana iya cewa sun zuzuta, amma akwai abin da za a kama a yi musu gardama a kai. Gwamnati ba ta nuna wa jama'a yadda aka haifi 48,000 ba, kuma 'yan ƙwadagon sun yi wannan ƙorafi tun a lokacin. An kuma yi zaman jin ra'ayin jama'a a shiyyoyi shida a watan Maris. Zaman yana da amfaninsa, amma masu zuwa irinsa su ne masu ƙungiya da masu katin gayyata. Mai gadin ƙofar zauren da aka yi taron ba ya cikin waɗanda aka ba makirfo.

Tarihin abin ma ya isa ishara. Naira 125 a 1981 zamanin Shagari, bayan yajin aikin gama-gari da shugaban NLC na lokacin, Hassan Sunmonu, ya jagoranta. 250 a zamanin Babangida. 5,500 a 2000. 18,000 a 2011. 30,000 a 2019. Kowane ƙari sai ya zo bayan tsadar rayuwa ta riga ta cinye na baya. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200. Naira 30,000 ta 2019 ta ɗan haura dala 80. Naira 70,000 ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba.

Tambayar da ya kamata binciken ya fara da ita ita ce: wa wannan doka ke taɓawa? Dokar da kanta ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ta cire masu aikin ɗan lokaci, da masu karɓar kamasho, da 'yan jinga, da masu aikin da ke bin damina da rani irin na gona. A ɗaya gefen kuma, binciken ma'aikata na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya sha nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan ba sa cikin aiki mai rajista da ƙa'ida, kuma masu karɓar albashi daga hannun wani ba su kai kashi 15 ba. Sauran kansu suke yi wa aiki. In aka ɗauki wannan 'yar kaɗan ɗin aka zare waɗanda doka ta cire, me ya rage? Wannan adadi shi ne tushen komai, kuma da shi ya kamata kowane ɗan kwamiti ya shiga ɗakin taro.

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne na fi sani. Abin da ke rubuce a takardar albashi daban, abin da ke shiga aljihu daban. Na ga wurin da ma'aikata sun haura arba'in amma an raba su a ƙarƙashin sunayen kasuwanci biyu, kowanne bai kai 25 ba, mai gida ɗaya, ƙofa ɗaya, janareta ɗaya. Na ga inda ake kiran mutum ma'aikacin wucin-gadi alhali ya shekara da shekaru yana zuwa kullum ƙarfe bakwai na safe. Duk bayan 'yan watanni sai a sallame shi a takarda ranar Juma'a, a sake ɗaukarsa ranar Litinin. Da aka yi ƙarin albashi, wata dabarar da ta yaɗu ita ce a tattara kuɗin mota da na abinci da na ƙarin lokaci, waɗanda a da daban ake ba da su, a dunƙule su a kira su albashi, sai jimillar ta taɓa abin da doka ta ce ba tare da an ƙara sisi ba. Ga yankan makara, ga yankan kayan da suka fashe, ga bashin da aka ci tsakiyar wata. Ranar biya za ka ga mutum ya sa hannu a gaban adadi mai kyau, ya fita yana ƙirga abin da bai kai shi ba.

Sai kuma masu gadi da masu shara da direbobi a manyan wurare, waɗanda ba ma'aikatan wurin ba ne, wani ɗan kwangila ne ya kawo su. Babban wurin zai nuna muku takarda cewa yana biyan ɗan kwangila kuɗin da ya haura doka a kan kowane mutum, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya isa hannun mai gadin sai an tambaye shi. Haka malamar makaranta mai zaman kanta a unguwa, mai takardar NCE ko ma digiri, wadda ba a biyanta a watannin hutu. Haka yarinyar da ke zuba mai a gidan mai, wadda ake cire mata duk giɓin da aka samu a famfonta.

Saboda haka in dai fom za a aika wa manajoji su cike, to an gama ɓata kuɗin gwamnati tun kafin a fara. A bi ma'aikaci gida, inda maigidansa ba ya jin abin da zai faɗa. A tambaye shi nawa ya shiga hannunsa a watan da ya wuce, awa nawa ya yi, kwana nawa, me aka yanke, ranar nawa ga wata aka biya shi, ana bin wurin aikinsa bashin wata nawa, ana ba shi abinci ko wurin kwana a madadin kuɗi, mutum nawa ke aiki a wurin in ya ƙirga da idonsa, kuma wa ke miƙa masa kuɗin. Sannan a yi wa kamfanoni tasu tambayar daban, a gwama amsoshin biyu. Tazarar da za a gani tsakaninsu ita ce ainihin ma'aunin yadda ake bin doka.

Ba sai an ƙirƙiro sabon bincike daga tushe ba. Hukumar Ƙididdiga tana da binciken ma'aikata da ta sake wa fasali, wanda ake tattara bayanansa a duk tsawon shekara. Na san sunansa ya ɓaci a wurin jama'a tun watan Agustan 2023, da aka wayi gari rashin aikin yi ya sauka daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1, saboda sabon ma'auni ya ɗauki duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. An yi ta dariya a majalisun shayi, kuma ban ga laifin masu dariyar ba. Amma ma'aunin shi ne wanda ƙasashen duniya ke amfani da shi, kuma abin da ya tona gaskiya ne: a ƙasar da ba a biyan marar aiki ko kwabo, ba mai ikon zama haka kawai, dole ya fita buga-buga. Don haka alƙaluman rashin aikin yi ba su ne za su taimaka wa mai yanke albashi ba. Abin da zai taimaka masa shi ne sanin nawa ake samu. A ƙarfafa sashen tambayoyin samu da albashi a cikin wannan bincike, a faɗaɗa yawan gidajen da ake shiga har sakamakon ya iya magana a kan kowace jiha ita kaɗai, ba ƙasa a dunƙule ba. Kuɗin wannan bai kai asarar yini ɗaya na kashe wutar ƙasa ba.

Dalilin da ya sa nake nanata a fara da wuri shi ne shekara ba fuska ɗaya gare ta ba. Duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya san farashin buhun masara da gero da kaka daban yake da na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ladan ɗan ƙwadago a gona yana tashi lokacin noma da girbi. Da rani 'yan ci-rani ke cika birane, ladan lebura a wurin gini ya sauka. Ga azumi da sallah biyu, ga watan Satumba na kuɗin makaranta. Binciken da aka yi cikin mako shida zai ɗauko fuska ɗaya ce kawai, kuma duk ɓangaren da sakamakon bai yi wa daɗi ba zai ce an zaɓi watan ne da gangan. Ana bukatar wata goma sha biyu cur a fili, ban da watannin tsara tambayoyi da gwada su cikin harsunan da za a yi su, da horar da ma'aikata, da tace bayanai daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da bukatun ma'aikaci da iyalinsa, kuna da kayan aiki a hannu wanda ban ga an ba shi muhimmanci a 2024 ba. Hukumar Ƙididdiga tana fitar da kuɗin abinci mai gina jiki mafi araha na babban mutum ɗaya a yini. A watan Yunin 2024, wata guda kafin a tsayar da 70,000, adadin naira 1,241 ne. A kwana talatin ya kama 37,230. Miji da mata kaɗai, ba yaro ko ɗaya, 74,460. Ba a yi maganar haya ba, ba kuɗin adaidaita sahu, ba magani, ba gawayi. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya ce matsakaicin gida a Najeriya mutum biyar ne, kuma gidajen Arewa sun fi haka yawa. Ba ina cewa albashin mutum ɗaya dole ya riƙe gida duka ba. Wannan ma tambaya ce ta bincike: a gidan ƙaramin ma'aikaci mutum nawa ke kawo kuɗi, mutum nawa ke ci? Yarjejeniya ta 131 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, ta ce a duba bukatun ma'aikaci da iyalinsa a gefe ɗaya, a duba halin tattalin arziki da samar da ayyuka a ɗaya gefen. Ba ta ce a yi zato ba.

Shawarata a nan ita ce ɓangarorin uku su amince da abin da zai shiga kwandon bukatu tun kafin kowa ya ga farashinsa: mudu nawa na hatsi, ɗaki nawa, tafiya nawa zuwa wurin aiki, yara nawa a makaranta. In aka bari sai adadi ya fito, kowa zai koma yana cire abu ko yana cusa abu don jimilla ta zo inda yake so.

Akwai kuma batun ma'aunin hauhawar farashi. A Disamban 2024 kashi 34.80 ne, a Janairun 2025 ya koma 24.48, ba don kaya sun sauko ba, sai don an sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, an kuma rage nauyin abinci a lissafin daga sama da rabi zuwa kimanin kashi 40. Wataƙila hakan ya dace da matsakaicin ɗan Najeriya. Bai dace da mai 70,000 ba, wanda mafi yawan kuɗinsa a tukunya da kuɗin mota suke ƙarewa. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 yayin da ta gaba ɗaya take 34.19. A fitar da ma'auni na musamman na gidajen masu ƙaramin samu, a riƙa buga shi duk wata. Bayanan suna nan, lissafi ne kawai za a sake.

Ba zan zalunci masu kamfanoni ba, da su na ci abinci. Wanda ke da masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ya ga litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki bayan 29 ga Mayun 2023. Ya ga dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500. A Afrilun 2024 ya ga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni da yawa, ya koma naira 225 a kan kowane yunit, ya ninka fiye da sau uku. In ya ce ƙarin albashi zai sa ya rage ma'aikata, ba lallai ƙarya yake yi ba. Amma magana ce da ake iya gwadawa, kuma tun 1981 ake faɗinta. A 1992, da jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga nata albashin daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger sun bi gidajen abinci kimanin 400 a can da maƙwabciyarta Pennsylvania, kafin ƙarin da bayansa, ba su ga ayyuka sun ragu ba. Ba sakamakonsu nake so mu aro ba, Kano ba New Jersey ba ce. Dabarar nake so: sun ƙirga tun kafin a yi ƙarin. In ana son sanin abin da ƙarin 2027 zai haifar, to a zaɓi kamfanoni manya da ƙanana yanzu, gidajen burodi, masu fiya wata, makarantu, asibitoci masu zaman kansu, masana'antun roba da na fata, a rubuta yawan ma'aikatansu da albashinsu da abin da suke kashewa a wuta da man janareta, a riƙa komawa wurinsu duk bayan wata shida. Bayanan ƙarin 2019 da na 2024 kuma ba su ɓace gaba ɗaya ba: hukumar fansho ta ƙasa, da asusun inshorar ma'aikata, da hukumomin haraji na jihohi duk suna riƙe da bayanan wata-wata da za a iya bi a ga ko an rage mutane bayan kowane ƙari, in an ɓoye sunaye.

Gwamnoni su ma kukansu ɗaya ne kowane zagaye. A Yunin 2024 ƙungiyarsu ta ce ko 60,000 ba za ta ɗore ba. Bayan 'yan watanni Legas da Ribas suka sanar da 85,000, Neja 80,000, Kebbi 75,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000. A gefe guda kuma Zamfara sai a tsakiyar 2024 ta fara biyan 30,000 na dokar 2019, kuma a 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya, a ƙarƙashin hancin ofishinku, sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan 70,000 ɗin nan. To wa ke da iko, wa ba shi da shi, wa ke da shi amma ya ƙi? Duk akawu ya san abin da ke kumbura kuɗin albashin jiha ba ma'aikatan matakin ƙasa ba ne, gyaran da ake yi wa sauran matakai ne bayan an ɗaga na ƙasa. A 2019 an sa hannu a dokar a watan Afrilu, amma sai Oktoba aka daidaita a kan wannan gyara a matakin tarayya. Saboda haka a nemi kowace jiha ta kawo jerin ma'aikatanta mataki-mataki, har da na ƙananan hukumomi da malaman firamare da ma'aikatan lafiya a matakin farko, bayan an tace na bogi, a ajiye shi kusa da kasonta na asusun tarayya da harajin da take tarawa. Jihar da ta ƙi kawowa a buga sunanta, kuma kada a saurari kukanta a zaman 2027.

Na san maganar ko a bar kowace jiha ta yanke nata za ta sake tasowa, kamar yadda ta taso a 2021 da aka kai ƙudurin fitar da albashi daga jerin ikon tarayya kaɗai, 'yan ƙwadago suka yi zanga-zanga zuwa majalisa. Ra'ayina shi ne a bar ƙasa da mizani ɗaya wanda ba a sauka ƙasa da shi, jihar da ke da hali ta ɗora. Ina tsoron ranar da za a ce ma'aikacin Arewa ya fi araha a hukumance. Amma ra'ayina ba hujja ba ne. Abinci ya fi sauƙi a Arewa maso Yamma, haya ta fi tsada a Legas, bakunan da ke ci sun fi yawa a gidan ɗan Katsina. A auna duka ukun tare, a ga inda suka faɗa.

Waɗanda doka ta cire kada bincike ma ya cire su. Dokar 2011 ta tsaya a kan wurare masu ma'aikata 50, ta 2019 ta sauko zuwa 25. Me zai faru in an sauko zuwa 10? Kamfanoni nawa za su shigo, nawa za su iya? Afirka ta Kudu da ta fara nata a Janairun 2019 a kan rand 20 a awa ba ta bar ma'aikatan gona da 'yan aikin gida a waje ba; ta fara musu da 18 da 15, ta riƙa matso da su har suka daidaita da kowa zuwa 2022. Lura kuma da cewa nasu na awa ne, na Ghana kuma na yini ne, kuma duk shekara ake duba su. Namu na wata ne, alhali talakan da ya fi bukatar kariya da yamma ake sallamarsa: lebura, ɗan dako, mai wanke kwanuka a gidan abinci, matan da ke tsince riɗi da gyaɗa a kan ladan buhu. A tattaro ladan yini na waɗannan sana'o'i jiha-jiha. Ko doka ba ta kai gare su yau ba, sanin adadin zai nuna ko ƙarin albashin gwamnati yana jan ladan kasuwa sama ko kuwa farashin kaya kawai yake ja.

Ɗan tsokaci a kan masu shiga gidajen. A yawancin unguwanninmu namiji baƙo ba ya wuce zaure, kuma aikin mata na cikin gida, daga ɗinkin hula zuwa surfe da ƙuli-ƙuli, ba zai fito daga bakin maigida daidai ba. A ɗauki mata masu yawa. A kuma biya masu tattara bayanan haƙƙinsu a kan lokaci, domin wanda aka tura ƙauye ba kuɗin mota a gindin bishiya zai zauna ya cike fom ɗin gida ashirin da kansa. Zai zama abin kunya a ci haƙƙin ma'aikaci a cikin binciken haƙƙin ma'aikata. Inda rashin tsaro ya hana shiga, a faɗa a fili kamar yadda aka faɗa game da Borno a rahoton talauci na 2019, kada a cike giɓin da ƙiyasi a yi shiru. Haka nan a faɗi iyakar abin da za a iya dogara da shi, tunda rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006.

Saura batun yarda, wanda in babu shi duk wahalar banza ce. In hukumarku ita kaɗai ta yi binciken, 'yan ƙwadago za su ce na gwamnati ne. In NLC ta yi, ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA za ta ce na 'yan ƙwadago ne. Birtaniya ta kafa hukumar ƙaramin albashi a 1997, mai mutum tara daga masu kamfanoni da 'yan ƙwadago da masana, kafin ta fara dokarta a 1999. Duk shekara tana ba masu bincike kwangila, tana zagaya gari-gari, tana buga hujjojinta kowa ya karanta. Mu kwamitinmu ana haɗa shi ne in wa'adi ya zo, a watse in an sa hannu, abin da aka koya ya tafi da mutanen. A kafa ƙaramin kwamitin ƙwararru na dindindin, kowane ɓangare ya kawo nasa, su sa hannu tare a kan tambayoyi da yadda za a zaɓi gidaje da kamfanoni. Hukumar Ƙididdiga ta yi aikin fili. A raba nazarin ga cibiyar binciken tattalin arziki da zamantakewa ta NISER da ke Ibadan, da cibiyar nazarin ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilorin, da jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Maiduguri da Nsukka, ta hanyar gasa a fili. A sa kuɗin aikin a kasafin kuɗi da sunansa, kada a jira tallafin waje wanda zai zo da nasa jadawalin.

In an gama, a saki ɗanyen bayanan a intanet bayan an goge sunaye, domin duk mai shakka ya sake lissafin da kansa. A taƙaita sakamakon cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin, a karanta a rediyo, saboda mai gadin da aka tambaya ya ji abin da aka yi da amsarsa. Kuma ina roƙon hukumarku ta fitar da jadawali a rubuce: ranar da za a amince da tambayoyi, ranar shiga fili, ranar fita, da ranar buga rahoto, wadda ya kamata ta riga ƙaddamar da kwamitin 2027 da aƙalla wata uku, domin kowane ɓangare ya samu lokacin karantawa kafin ya buɗe baki ya faɗi adadi.

Allah ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
Wani akawun albashi,
Kano.